Wanda Ke Haya a Ɗaki na Tara

Ƙudaje ne suka fara nuna wurin. Da safiyar Litinin Maame Dufie, mai gasa ayaba a bakin titin Krofrom, ta zagaya bayan gidan Opanyin Kusi, inda take haya, za ta zubar da toka, sai ta tarar da su baƙi ƙirin a kan murfin tsohuwar rijiyar da ta ƙafe shekara goma da suka wuce. Ba ta taɓa murfin ba. Ta ajiye kaskon, ta koma tsakar gida, ta ce wa maza su je su duba.

Kafin ƙarfe tara 'yan kwana-kwana sun ciro gawar. Namiji ne, da rigar ofis a jikinsa, ƙeyarsa a fashe. Duk mutanen gidan sun gane shi. Mista Bempa ne, ma'aikacin ofishin tallafin haya, wanda ke bi gida-gida yana duba ko talakawan da ake biya wa rabin kuɗin ɗaki da gaske suna kwana a ɗakunan.

Sajan Twumasi ya tsuguna a kan gawar, hankici a hanci. Shekara ashirin da biyu yana aikin ɗan sanda a Kumasi, bakinsa ne ya hana shi wuce sajan. Babu jaka, babu waya. Ya je ya gwada ɗaga murfin rijiyar. Kankare ne, da ƙyar ya motsa shi. Warin kuma ya yi masa yawa a ce gawar kwana ɗaya ce.

Ya koma caji ofis ya tarar maigidansa, Sifeto Quaye, har ya gama shari'a a zuciyarsa.

"Na kama mutumin," in ji Quaye. "Atinga, na ɗaki na tara. Ranar Asabar da safe gidan kaf sun ji ya ce zai kashe shi. Ga kuma saƙon da marigayin ya tura wa matarsa jiya Lahadi, ƙarfe shida na yamma."

Ya miƙa masa takardar da aka kwafe saƙon. "Na dawo daga Mampong. Zan biya gidan Opanyin Kusi in ga Atinga, sannan in iso."

"Alhamis zan kai shi kotu," in ji Quaye. "Ma'aikacin gwamnati aka kashe. Manya na jiran suna, ga suna."

"Ranka ya daɗe, ba ni zuwa Alhamis ɗin."

"Ka ɗauka. Ba za ta canza komai ba."

Atinga ɗan Bolga ne, aikinsa dakan sakwara a wani gidan abinci. Hannayensa kamar taɓarya suke, kuma alƙali zai kalle su kafin ya kalli fuskarsa. Yana zaune a ƙasa cikin ɗakin tsaro, ya haɗa gwiwa da ƙirji.

"Ka ce za ka kashe shi?" in ji Twumasi.

"Cewa na yi zan daka shi kamar rogo."

"Ai wannan ya fi kisa muni. Me ya haɗa ku?"

"Maigida, shekarata uku a ɗaki na tara, ni da matata da yara biyu. Sau uku ina cike takardar tallafi, sau uku ana dawo min da ita. Ranar Asabar ya zo, na tare shi. Ya buɗe littafinsa ya ce ɗaki na tara tuni akwai mai karɓa, wai Yaw Amankwa. Na ce ya nuna min Yaw ɗin nan in ga inda yake kwana, tsakanina da matata ko ƙarƙashin gado."

"Sai ya yi me?"

"Ya leƙa ɗakin, ya ƙirga tabarmi, ya yi rubutu. Ni kuwa na tafi aiki ina zagi."

"Jiya da yamma kana ina?"

"Ina ɗaki. Matata ta kai yara wurin yayarta."

"Wa ya gan ka?"

"Ba kowa."

"Ranar Asabar da rana fa?"

"Asabar? Wa ke hutu ranar jana'iza a garin nan? Tun goma nake kan turmi har faɗuwar rana. Ka tambayi uwar ɗakina, har yanzu tana bina da zagi don na fasa mata turmi ɗaya." Ya ɗago kai. "Maigida, idan suka tsare ni wata guda, za a fitar da matata daga ɗakin. Ba ta da inda za ta."

Twumasi bai yi masa alkawari ba. Ya fita.

Gidan Opanyin Kusi ɗaki goma sha biyu ne a zagaye da tsakar gida ɗaya, banɗaki ɗaya, famfo ɗaya. Maame Dufie ce ta fi kowa daɗewa, ita ke raba kwanan shara da wankin banɗaki. Twumasi ya same ta tana fere ayaba.

"Maame, kin san Yaw Amankwa?"

"Na wane gida?"

"Na nan. Ɗaki na tara."

Ta yi tsaki. "Ɗana, duk mai kwana a gidan nan tsintsiyata ta san shi. Wanda ba ya shara, matarsa na yi. Wanda ba shi da mata, yana biyan mai yi. Ban taɓa ba wani Yaw tsintsiya ba."

"Ranar Asabar da rana wa ke gida?"

"Ƙadangaru. Jana'iza uku aka yi a unguwar nan. Ni ce ta ƙarshen fita, wajen sha biyu. Na bar marigayin zaune can kan benci yana rubutu. Ya tambaye ni wa ke karanta wa tsoho mai gidan takardu."

"Kika ce wa?"

"Na ce duk wanda ya samu. Tsohon ba ya gani."

Opanyin Kusi na zaune a ƙofar ɗakinsa, zane a kafaɗa, yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Wani mutum mai tsabta, ɗan shekara arba'in, ya kawo wa Twumasi kujera ya goge ta da hannu. Darko ke nan, ɗan ƙanwar tsohon, wanda bisa al'adar mutanen nan shi zai gaji gidan. Yana da shagon ɗab'i a kan hanyar Tafo, kuma dattijo ne a cocinsu.

"Opanyin, kai ke sa hannu a takardar da ke shaida mutum ɗan hayarka ne?" in ji Twumasi.

"Yatsa nake dangwalawa. A kawo takarda, a riƙe min yatsa, in danna. Shekara uku ke nan yatsan nan bai rabu da tawada ba."

"Wa ke kawowa?"

"Masu haya. 'Yan ofis. Wani lokaci yaron nan. Zan tantance su ne da ƙamshi?"

"Kawu, ka kwantar da hankalinka," in ji Darko. Ya juya ga Twumasi, murya a ƙasa. "Sajan, ni ban son ɗaukar alhakin kowa. Amma takardun nan, a ofis ake shigar da su. Akwai wani akawu a can, Mista Ziblim. An ce ya sayi babur sabo."

"Kai jiya da yamma kana ina?"

"Coci, tun safe har takwas. Ranar godiyar girbi ce, ni na riƙe lasifika. Mutum ɗari uku za su faɗa maka."

Twumasi ya dubi hannayen tsohon, ƙashi da fata a kan sanda. Wannan ko murfin tukunya sai an ɗaga masa. Ya cire shi daga lissafi.

Ranar Talata ya je ofishin tallafin. Mista Ziblim siriri ne, ɗan Tamale, idanunsa jajur. Bai jira an tambaye shi ba ya ɗora fayil goma sha biyu na gidan Opanyin Kusi a kan tebur.

"Ni na tura shi," in ji Ziblim. "Takardar Atinga ta dawo hannuna karo na uku, na ce wannan ba daidai ba ne, mutum ba ya nacewa haka a kan ɗakin da ba nasa ba. Na ce wa Bempa ya je ya gani da idonsa. Da na yi shiru da yana raye."

"An ce ka sayi babur."

"Na ƙanena ne. Kuma tun Juma'a nake Tamale wurin sunan ɗan yayata, jiya na dawo. Ga tikitin mota, ga hotunan suna. Wa ya ce maka babur?"

"Kuɗin tallafin, ta ina yake fita?"

"Ta lambar wayar da ke kan takarda. Mai haya ya karɓa ya kai wa mai gida."

Twumasi ya jera fayilolin. Ya karanta wa kansa sunayen, ya ware biyar da ba su cikin jerin masu sharar da Maame Dufie ta ba shi. Kowanne da kwafin katin shaida, da yatsan tsoho, da lambar waya. Ba abin da ya rage. Sai ya koma kan hotunan.

Bakwai na gaskiyar duk fuska a ɗaure, ido a zare, kamar an kama su da kayan sata. Haka talaka ke fitowa a hoton takardar gwamnati. Biyar ɗin kuwa murmushi suke yi. Yaw Amankwa dattijo ne mai furfura, da zanen kente mai tsada a kafaɗa, yana dariya har haƙorin zinariya ya fito. Bayansa shuɗi ne mai haske, ba jan ƙyallen masu hoton bakin titi ba. A kusurwar sama ta dama akwai wani ɗan farin abu mai tsini uku, an yanke sauransa.

Ya duba sauran huɗun. Uku daga ciki suna da farin abin nan, a kusurwa ɗaya.

"Ka taɓa ganin mai neman tallafin haya da kente irin wannan?" in ji shi.

Ziblim ya sunkuya ya duba. "Takarda dubu nawa ke bi ta hannuna, Sajan. Lamba nake dubawa."

Twumasi ya sa hoton Yaw a aljihu. Daga nan ya wuce ɗakin ajiye gawa. Likitan na wanke hannu, bai ko juyo ba.

"Mutuminku ba ranar Lahadi ya mutu ba. Asabar ce, da rana. An buge shi sau biyu ta baya."

"Ka tabbata?"

"Shekara nawa nake wannan aikin? Amma rahoton sai Juma'a, mai buga min takarda ta tafi jana'iza."

Ya kai wa Quaye labarin. Quaye bai ɗago daga jaridarsa ba.

"Gawa ta tura saƙo ranar Lahadi ke nan? Kawo min a rubuce. Kafin nan, Alhamis tana nan."

Twumasi bai ƙara faɗa wa kowa maganar likita ba. Ya kwana da sanin abu biyu. Wanda ya kashe Bempa ya riƙe wayarsa kwana guda, ya tura saƙo a lokacin da shi yake da shaidu, Atinga kuma ba shi da ko ɗaya. Wannan mutum ya san shige da ficen gidan. Amma sani daban, abin da za a ɗora a gaban Quaye daban.

Da safiyar Laraba ya tafi gidan marigayin don ya ga saƙon a wayar matarsa da idonsa. Bai kai ƙofa ba ya tsaya. An manna fosta a bangon gidan, da jikin turken lantarki, da shagon mai aski. Fostar zaman mako ce, irin wadda ake bugawa don sanar da ranar da dangi za su taru bayan kwana takwas da rasuwa. Ga Bempa yana murmushi cikin kente, bayansa sararin sama shuɗi da gajimare. A sama ta dama, farar kurciya ta buɗe fiffike.

Ya ciro hoton Yaw Amankwa ya ɗora a kan fuskar Bempa. Tsinin nan uku suka hau kan bakin fiffiken kurciyar daidai.

Sannan ya karanta rubutun ƙasa. Ranar haihuwa. Ranar rasuwa: Asabar, goma sha huɗu ga wata. Zaman mako: Asabar mai zuwa.

Matar Bempa na zaune cikin baƙin zane, mata sun kewaye ta. Ya yi gaisuwa daga dama zuwa hagu, ya tsuguna kusa da ita.

"Wa ya buga muku fostar nan?"

"Mista Darko. Tun ranar Litinin ya zo gaisuwa, ya ce tunda a gidan kawunsa abin ya faru, shi zai buga kyauta. Allah ya saka masa."

"Ke kika ba shi ranar rasuwa?"

"Lahadi na ce masa. Ai ranar ya turo min saƙo. Da aka kawo na ga Asabar, na aika a faɗa masa, ya ce injin ne ya yi kuskure, kuma an riga an buga ɗari biyu. Surukaina suka ce a bari, Asabar ma ta fi sauƙin taro." Ta dube shi. "Akwai wani abu ne?"

"Mijinki ya isa Mampong ranar Asabar?"

"Can ya ce min zai kwana. Mahaifiyarsa ta ce ba ta gan shi ba. Mun ɗauka ruɗewar tsufa ce."

Twumasi ya ɓare fosta ɗaya daga bango, ya kira 'yan sanda biyu su same shi a hanyar Tafo.

Shagon Darko ɗaki ɗaya ne, inji na ƙara a ciki, bango cike da fuskokin matattu tun daga ƙasa har rufi, samfurin aikinsa ga mai son zaɓa. Darko ya taso da fara'a.

"Sajan, sannu da zuwa. Allah ya sa ba rasuwa aka yi muku ba."

"Kashe injin."

Ya kashe. Twumasi ya bi bangon da ido, layi-layi, bai yi sauri ba. A jere na huɗu, kusa da taga, rana ta cinye launin wata fosta, amma haƙorin zinariyar na nan. Yaw Amankwa, na Ejisu, ya rasu yana da shekara saba'in da tara, shekara huɗu da suka wuce.

"Ga ɗan hayar ɗaki na tara," in ji Twumasi. "Ina sauran huɗun? A bango suke ko a kwamfuta?"

"Kowa na iya yanke hoto daga fosta, Sajan. A titi ake manna su."

"Haka ne. Amma hoton da ke fayil ba daga takardar titi aka yanke shi ba, fes yake, daga inji ya fito. Dangi na kawo maka suna, da ranar haihuwa, da hoto mafi kyau da mamaci ya taɓa ɗauka. Wani lokaci har da katinsa don ka kwafi rubutun sunan daidai. Duk abin da takardar tallafi ke nema, a teburinka ake ajiye shi. Yatsan kawunka kuma a hannunka yake."

"Ko da haka ne, wannan takarda ce. Ba kisa ba ne. Ranar Lahadi ina coci."

"Na sani. Da lasifika a hannu ɗaya, wayar Bempa a ɗayan." Twumasi ya shimfiɗa fostar a kan injin. "Karanta min ranar rasuwa."

Twumasi ya ɗora yatsa a kan kalmar Asabar.

"Matarsa ta ce maka Lahadi. Sifeto ya ce Lahadi. Gidan rediyo ya ce Lahadi. Mutum biyu ne a garin nan suka tabbata Asabar ce, ni da likita, kuma jiya da yamma muka sani. Kai ka buga wannan ranar Litinin. Bempa ya tambayi mai karanta wa tsoho takardu, ka zo ka same shi shi kaɗai a gidan, kowa ya tafi jana'iza. Ya faɗa maka abin da ya gani a ɗaki na tara. Ka bari ya juya baya."

Ɗaya daga cikin 'yan sandan ya ja aljihun teburin. Ƙarƙashin kwalaben tawada akwai ƙananan wayoyi biyar ɗaure da roba, kowace da lambar ɗaki manne a bayanta. Ta shida babba ce, a kashe, da hoton yara biyu a cikin murfinta.

Darko ya zauna a kan tulin takardu. Fara'ar ta tafi, abin da ya rage a fuskarsa gajiya ce.

"Gidan nan naka ne in tsohon ya mutu," in ji Twumasi. "Me ya kai ka cin haƙƙin mai dakan sakwara?"

"Shekara ashirin ake ce min nawa ne. Tsohon ya ƙi mutuwa."

"Abu ɗaya ne ban gane ba. Ka tsara saƙo, ka tsara coci, ka tsara wanda za a kama. Me ya hana ka rubuta Lahadi?"

Darko ya dubi fuskokin da ke bango.

"Na rubuta," in ji shi. "Sau biyu ina rubutawa ina gogewa. Kai ma ɗan ƙasar nan ne, Sajan. In aka yi masa zaman mako a ranar da ba tasa ba, ba zai tafi lahira ba. Kuma ya san wurin wanda zai zo." Ya miƙa hannayensa. "Ba a yi wa mamaci ƙarya a fostarsa."

Quaye ya saurari bayanin duka a tsaye, ya juya wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ya yage takardar tuhumar da ya rubuta, ya ce a kawo masa sabuwa. Bai ce sannu ba.

Da la'asar aka buɗe wa Atinga. Matarsa na bakin ƙofa da ƙaramin a goye. Ya karɓi ɗamararsa da takalmansa, ya tsaya yana jujjuya su.

"Maigida, yanzu za su ba ni tallafin?"

"Ziblim ya ce ka sake cike takarda. Sai an sami yatsan mai gida."

"Na je wurinsa ɗazu," in ji matar. "Tun da ya ji an kama Darko ya shige ɗaki ya rufe. Ya ce ko wuƙa aka sa masa a wuya ba zai ƙara dangwala wa kowa yatsa ba. Ya ce wata na ƙarewa kowa ya fita, sayar da gidan zai yi."

Atinga ya zauna a kan dakalin caji ofis ya fara saka takalmi. Wata saura kwana goma sha biyu.